Kunkurun da Ya Zauna a Kan Takardar Isogai

Talata, 9 ga Janairu, da safe

Na dawo ofis. Na'urar ɗumama ɗaki ba ta tashi sai rana ta ɗaga, wai jami'a na tsimin wuta, don haka da rigar sanyi a jikina nake rubutun nan, yatsuna kamar ba nawa ba.

Akwai rami a takardar Isogai.

To, na rubuta, na ga yadda yake a rubuce. A hutun sabuwar shekara na gan shi, ina zaune a teburin ɗumi, mijina Noboru na gasa mochi, wainar shinkafa, yana yi wa talabijin gardama. Tun watan Mayu takardar ke hannuna. Wata mujallar lissafi ta Turai ce ta turo min in tantance, kamar yadda muka saba: edita ya zaɓi wanda zai bi hujjar layi-layi, marubucin kuwa ba zai taɓa sanin ko wane ne ba. Na faɗa wa editan cewa Isogai ƙanina ne a karatu, malaminmu ɗaya, kuma duk Alhamis tare muke cin taliya. Ya ce masu iya karanta takardar nan a duniya ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukkansu sun taɓa cin taliya da shi. Sai na karɓa. Har da jin daɗi na karɓa, ni wawiya.

Shekara bakwai yana kan abu ɗaya: ƙwayoyin zarra da aka jera a layi, kowace tana jin motsin ta kusa da ita. Ya tabbatar da abin da yake so ga duk layin da ke da ƙarshe, komai tsawonsa, kuma hujjar ta yi kyau har ta ba ni kishi. Sai a shafi na sittin da ɗaya ya tsallaka zuwa layin da ba shi da ƙarshe, ya rubuta cewa a bayyane yake. Ba a bayyane yake ba. Adadin da ya jingina da shi yana raguwa duk lokacin da layin ya ƙara tsawo, kuma babu inda ya nuna ba zai kai sifili ba. In ya kai, aikin gaba ɗaya ya rushe.

Tallafin gwamnati da aka ɗauke shi aiki da shi a cibiyar bincike ta hayin kogi zai ƙare a ƙarshen Maris. An buɗe kujerar dindindin guda ɗaya a can. Ya haura arba'in, yana da mata da 'ya.

Marigayi malaminmu Mogami-sensei yana da doka a ajinsa: duk wanda ya ɗaga hannu ya ce akwai kuskure, shi zai tashi ya karɓi alli ya gyara. In ba ka da gyara, ka ja bakinka ka je gida ka nemo. A haka muka tashi. Zan nemo gyaran, in sa shi cikin rahotona, in ce ƙaramin abu ne a daidaita. Mako biyu ya ishe ni.

Alhamis, 11 ga Janairu, da yamma

Bayan zaman nazari muka gangara shagon taliya na bakin gada. Isogai, da ke kirana Senpai don na riga shi a karatu, bai ko cire hula ba ya fara.

"Senpai, wata takwas! Wata takwas mutum na zaune a kan takardata. Mace ma ai da ta kusa haihuwa."

Na ce, "Shafi casa'in ka rubuta, Isogai-kun. Kai shekara nawa ka yi?"

"Ni rubutawa na yi, shi karatu kawai aka ce ya yi. Ai na raɗa masa suna. Kunkuru. Ina ganinsa a raina, wani tsohon Bajamushe mai tumbi, ya ɗora kofin giya a kan takardata yana gyangyaɗi."

"Wataƙila da kyau yake karantawa."

"Ke kullum sai kin kare mutane. Ci taliyarki kafin ta kumbura."

Sannan ya sauke murya. Otaki-sensei, shugaban cibiyarsu, ya kira shi jiya. Kwamitin kujerar zai rufe karɓar takardu ran sha shida ga Fabrairu. A cikinsa akwai injiniyoyi da likita, mutanen da ke fitar da takarda goma a shekara, kuma daga sama an ce abin da mujalla ta riga ta karɓa kawai za a ƙirga. Wanda ake kan dubawa da shi da babu duk ɗaya. Isogai na da 'yan ƙananan takardu na da, amma shekarunsa na baya-bayan nan duk suna cikin wannan guda ɗayar.

"Layi biyu daga edita, Senpai. Shi ke nan abin da nake roƙo a duniya."

Ni na biya. Ya yi gardama, na ce ya rufe min baki.

Asabar, 13 ga Janairu, hutun rana

Gadin jarrabawar shiga jami'a. Farfesa guda, an sa ni takalmi mara ƙara ina zagaya yara. An hana mu karatu, an hana mu rubutu, ba a dai hana mu tunani ba. Na gwada datsa layin gida-gida a cikin kaina. Wani ya ɗaga hannu yana son banɗaki, komai ya zube.

Talata, 16 ga Janairu, da safe

Hanya ta farko ba ta ɓulle ba.

Laraba, 17 ga Janairu, da yamma

Noboru ya dawo daga asibitinsa yana warin maganin haƙori, ya tarar takardu sun cinye teburin cin abinci.

"Sannu da aiki, Sensei. Yau me harajina ya saya?"

Tun kafin aurenmu yake wannan barkwancin, wai da harajinsa gwamnati ke biyana, yau kuwa na ji kamar in jefa masa butar shayi. Na ce harajinsa ya sayi ciwon kai.

"To a riƙe, ina da nawa." Ya ture gefe ɗaya ya ajiye tukunya. Can ya dube ni ya ce, "Aikinki ne wannan, ko na wani?"

Na ce nawa ne. Ko miji ba a faɗa wa. Ƙa'idar ke nan, kuma ban taɓa jin nauyinta ba sai bana. Nawa aikin na gaske yana can yana jira, da rahoton ƙarshen shekara, da ɗalibai masu kundi a hannu suna sintiri a ƙofata kamar kaji.

Asabar, 20 ga Janairu, da rana

Ranar jama'a a cibiyarsu. Duk wanda gwamnati ke ciyar da bincikensa sai ya tsaya gaban mutanen gari sau ɗaya a shekara ya faɗi abin da ya yi. Tsofaffi ne suka cika ɗakin, rabinsu ɗumi suka zo sha. Isogai ya jera 'yan makaranta a layi, ya ce kowa ya juya baya ga inda na kusa da shi ya fuskanta, ɗakin ya hargitse da dariya, har ni na manta da kaina.

Sai wani tsoho ya miƙe da sanda.

"Sensei, ni awara na sayar har bayana ya lanƙwashe, ban taɓa tsallake haraji ba. Wannan abin naka yaushe zai amfane ni?"

"Baba, gaskiya ba zai amfane ka ba. Ni ma da ƙyar. Amma in na gama, abu ɗaya ya tabbata gaskiya ne har abada, babu wanda zai sake ƙarar da ƙuruciyarsa yana dubawa. Abin da kuka saya ke nan."

Tsohon ya ce, "Kai, da tsada!" Aka fashe da dariya. "To ka gama ɗin?"

"Na gama, Baba. Wani ne ke dubawa."

Ya hango ni a baya ya kashe min ido. Na fita kafin a raba shayi.

Laraba, 24 ga Janairu, da hantsi

Mako biyun sun cika. Hanya ta biyu ta kai ni nesa, ta ajiye ni a bakin ramin ta ɗaya gefen.

Na san abin da mai hankali zai ce: ki rubuta wa edita yau, ki ce ga rami, mai takarda ya cike. To amma ni na san Isogai. Shekarar da Mogami-sensei ya wargaza masa kundin digiri a gaban aji, zango guda bai taka jami'a ba. Ni aka aika. Na same shi a ɗaki labule a rufe, kwanonin taliyar roba sun yi tsibi, yana cewa zai koma garinsu ya taya babansa kamun kifi. Ni na zauna da shi muka ɗinke kundin. In rahoto ya iso masa yanzu da rami babu gyara, kwanciya zai yi, ranar kwamiti ta zo ta wuce yana kallon sili. In ya iso da gyara a ciki, kwana biyu ya kwafe, edita ya sa hannu. Saboda haka ni ce dai. Kullum ni ce.

Juma'a, 26 ga Janairu, da tsakar rana

Edita ya turo tuni cikin ladabi. Wai marubucin na cikin matsin lokaci. Na ce saura kaɗan. Ba ƙarya na yi ba, haka nake gani kowace safiya. Da yamma ne nake ganin wani abu dabam.

Litinin, 29 ga Janairu, da yamma

Dusar ƙanƙara. Taron sashe har kusan faɗuwar rana a kan wa zai riƙe makullin ɗakin kwafi. Na yi barci ido a buɗe. Na gaji.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, da yamma

Ban je cin taliya ba. Na ce masa haƙori ke min ciwo. Ya ce, "Da likitan haƙori a gida? Haba Senpai, ki nemi saki kawai." Ko ƙarya ban iya zaɓa ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu, da yamma

Bikin watsa wake, ranar da ake jifan dodo da wake a kori tsiya daga gida. Chizuru, matar Isogai, ta gayyace mu, Noboru ya ce zai je ko da ni ko ba ni, sai na bi shi.

Bana ba uban gida ne ya sa fuskar dodo ba. 'Yarsu Koharu ta yanka kwali ta shafe shi da kore, ta ce yau ba dodo za a kora ba, Kunkuru za a kora, wanda ya hana Babanta barci. Ta zagaya mu tana dubawa, ta tsaya a gabana.

"Goggo Mineko ce za ta sa."

Isogai na dariya har da riƙe ciki. "Yi haƙuri, Senpai, ke ce babba, ke ce baƙuwa. Ba a jayayya da mai gida."

Na sa. Kwalin na warin gam. Ta hudar ido na ga su ukun, mijina na huɗu, suna ihun Kunkuru waje, sa'a ciki, gasasshen wake na sauka a kaina. Yarinyar nan tana da hannu. Ta ce in yi rarrafe zuwa ƙofa a hankali, don kunkuru ba ya gudu, na yi. Na ji daɗin kwalin a fuskata, gaskiya, don babu wanda ya ga abin da ke bayansa.

A kicin Chizuru na wanke kwanuka, ba ta juyo ba ta ce min, "Horikoshi-sensei, ku da kuka san mutane, ba a iya gano ko wane ne? Ba faɗa zan yi masa ba. Hoton Koharu kawai zan aika masa."

Jakar makarantar yarinyar na kan teburin kicin, ja, har yanzu a ledarta. A Afrilu za ta shiga aji ɗaya, ba su san a wane gari ba.

Na ce ba a ganowa. Ta ce shi ma haka ya ce. Ta miƙo min tsumma na goge kwanukan.

Laraba, 7 ga Fabrairu, da yamma

Na samu! Hanya ta uku. A bas ta faɗo min, na wuce tashata, na sauka a inda ban sani ba na rubuta a bayan takardar burodi, a tsaye cikin sanyi. Na sayo kifi mai tsada. Noboru ya ce ko dai harajinsa ya haihu ne. Gobe zan juya shi a tsanake in aika.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, da safe

Ban samu ba. Abin da nake son tabbatarwa na jingina da shi wajen tabbatar da shi. Da ɗalibina ne ya kawo min wannan, da na kore shi daga allo.

Alhamis, da yamma

Haƙori kuma.

Asabar, 10 ga Fabrairu, da rana

Yau na rubuta layi biyu ga edita. Na ce na duba, hujjar daidai take, a karɓa. Na zauna ina kallonsu shayi ya huce, na sake wani ya huce.

Wa zai sani? Mu 'yan tsirarun nan, ɗaya ya tsufa, ɗaya ya koma harkar na'ura, ɗaya ni ce. Sai a yi shekara goma ba wanda ya leƙa shafin. Kuma a zuciyata na yarda sakamakon gaskiya ne, ji nake yi kamar yadda ake jin ruwa zai sauko. Amma ji ba hujja ba ne. Za a buga shi, wata yarinya a wata ƙasa ta ɗora digirinta a kai, wani ya ɗora a kan nata, ranar da ƙasa ta zame da sunan Isogai za ta zame, ba da nawa ba. Ni ba ni da suna a wannan harka, shi ne daɗinta, shi ne kuma muninta.

Na goge. Ba don ni mutuniyar kirki ba ce. Yatsana ne ya ƙi dannawa, na kuma ji haushinsa.

Litinin, 12 ga Fabrairu, da hantsi

Ranar hutu, ginin babu kowa, babu ɗumi. Na rubuta rahoton gaskiya. Na ce aiki ne babba, na nuna ramin, sannan na jera hanyoyi ukun da na gwada da inda kowace ta mutu, don kada ya ɓata lokaci a kansu. Na sauya salon Ingilishina, na sa dogayen jimloli irin na tsofaffin Turawa. Bajamushe yake so, to ga shi.

Sensei, na ɗaga hannu babu gyara. Ka yi haƙuri.

Talata, 13 ga Fabrairu, da safe

Na aika.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, da yamma

Ya shigo ofishina bai ƙwanƙwasa ba, takardu a hannu, dusar ƙanƙara a kafaɗa.

"Kunkuru ya yi magana."

Ya ajiye min rahotona a gabana ya ce in karanta. Na karanta abin da na rubuta da hannuna, yana tsaye a kaina yana numfashi. Na ga wata kalma da na maimaita sau biyu a layi ɗaya, har na ji kunya, dubi abin da ke damuna a irin wannan lokaci.

"Ki ce min ya yi kuskure, Senpai. In kin ce, yanzu zan rubuta wa edita, ki sa hannu a ƙasa."

Na ce, "Bai yi kuskure ba."

"Da sauri haka? Ko alli ba ki ɗauka ba."

Na tashi na ɗauki alli. Na zana masa layin, na rubuta adadin, na nuna yadda yake raguwa. Hannuna ya san hanyar fiye da yadda ya kamata, sai na riƙa tsayawa ina yi kamar ina tunani. Da na juyo ya zauna a kan kwalin littattafai, fuskarsa ta yi fari. Na jira ya ce zai koma kamun kifi.

Bai ce ba. Ya dubi allon, ya ce, "Shege. Ya karanta." Ya sake cewa, "Ya karanta fa, har ƙasa." Ya kwashi takardunsa ya fita, ya bar hularsa.

Juma'a, 16 ga Fabrairu, da yamma

An rufe karɓar takardu.

Talata, 20 ga Fabrairu, da rana

Kare kundi tun safe. Na yi wa wani ɗalibi tsawa a kan abin da bai kai ba, ya tsaya da alli a hannu. Na ba shi haƙuri a baranda. Hular tana kan teburina.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, da yamma

Bai zo zaman nazari ba. Na sayi abinci a leda, na kama hanyar gidansu, ina shirya maganganun da na yi masa shekara ashirin da suka wuce. A bakin layinsu na kasa, na buga wa Chizuru waya na tambaya ko yana kwance.

"Kwance? Sensei, mutumin nan a tsaye yake cin abinci. Ya shimfiɗa takardu daga falo har banɗaki, mu sai tsallakawa muke yi. Jiya na ji yana waƙa."

Na juyo gida da ledata. Noboru ya ci.

Litinin, 26 ga Fabrairu, da hantsi

Yau ma bai ƙwanƙwasa ba. Gemu ya fito masa, riga a juye. Ya goge min allo bai tambaya ba, har da jadawalin jarrabawa.

"Zauna, Senpai. Kar ki ce komai sai na kai ƙasa."

Bai bi ta ko ɗaya cikin hanyoyina ba. Wata dabara ce da ya ƙirƙira a shekararsa ta biyu a kan aikin, ta ƙi yi masa amfani a lokacin, ya jefa ta a aljihun tebur bai taɓa nuna wa kowa ba. Ita ce ta riƙe adadin, ta hana shi sauka. Shafi ɗaya da rabi. Ko shekara na yi ina nema ba zan samo ta ba, don ba a cikin lissafi take ba, a aljihun teburinsa take.

Na bi shi layi-layi ina neman inda zai zame. Bai zame ba.

"Yaya?"

Na ce, "Ta tsaya."

Ya yi tsalle kamar yaro, alli ya fashe a hannunsa. Kwana goma ya yi. Ban yi lissafin komawa baya ba, wato da tun Janairu na aika rahoton. Ba sai na yi ba, lissafin yana yin kansa duk inda na juya. Mutumin da na sani a ɗaki mai rufaffen labule ɗan shekara ashirin da wani abu ne. Ban lura ya girma ba.

Laraba, 28 ga Fabrairu, da yamma

Gyararriyar takardar ta iso daga edita jiya. Yau na mayar. A karɓa.

Juma'a, 1 ga Maris, da rana

Layi biyun sun iso masa da safe. Otaki-sensei ya kira ni, ni da ba ruwana da cibiyarsu, ina jin wanda zai yi wa ƙorafi yake nema. Kwamiti ya zauna tun Talata. Sun ɗauki wani matashi mai takardu da yawa, mutumin kirki ne, in ji shi. Ya je ofishin gudanarwa ya roƙa a sake buɗewa, suka yi ta sunkuyar masa da kai suna cewa sun fahimta, sun fahimta ƙwarai, amma shekarar kuɗi ta zo ƙarshe.

"Horikoshi-san, mako biyu fa. Da mai tantancewar nan ya motsa da mako biyu."

Na ce abin takaici ne. Muryata ta fita daidai, har ta ba ni tsoro.

Lahadi, 10 ga Maris, da yamma

Ban yi komai ba yau. Noboru ya shigo ya buɗe baki zai yi barkwancinsa, ya dube ni, ya fasa.

Juma'a, 15 ga Maris, da hantsi

Cibiyar ta sa takardar a shafin farko na rahoton da za ta kai ma'aikata, da hoton Isogai gaban allo. Da ita za su nemi tallafin shekaru biyar masu zuwa, kuma za su samu. A ƙasan takardar ya ƙara layi yana gode wa mai tantancewa da ba a san sunansa ba.

Wani kamfanin inshora a birnin Nagoya ya ɗauke shi. An cire jakar Koharu daga leda.

Laraba, 27 ga Maris, da yamma

Na haye kogi na taya shi kwashe ofis. Littattafan da aka saya da tallafi na cibiya ne, su za su zauna, nasa na kansa ba su da yawa. Muna ɗaure kwali yana ba ni labarin gidan da suka samu, kusa da makaranta, wai har da wurin shanya. Ya ce da safe zai riƙa lissafa wa mutane ranar mutuwarsu, da yamma ya yi lissafin gaske, in Chizuru ta bari. Na yi dariya don ya ji daɗi.

Sai ya ciro rahoton daga aljihun tebur, ya yi laushi don karatu. Na ɗauka shara zai jefa. Ya sa shi cikin jakarsa ta hannu.

"Kin san ban ji haushinsa ba yanzu? Shekara bakwai, mutum ɗaya ne a duniya ya karanta aikina har ƙasa. Ko ke ba ki yi ba."

Na ce ban yi ba.

"Amma dubi nan." Ya sake fito da shi, ya buɗe wajen hanyoyi ukun. "Wannan ba aikin mako ba ne, Senpai. Na gwada bin sawunsa. Wata guda ne, ko fiye. Wato tun wajen sabuwar shekara ya gani. Ya gani, ya zauna shi kaɗai yana ƙoƙarin cike min, bai san ni ba, bai san ina da 'ya ba. Mutumin kirki ne. Kirkinsa ne ya kai ni Nagoya."

Ina riƙe da igiya, na ma manta yadda ake ƙulli. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na buɗe baki. Ƙa'ida ta ce kar in faɗa, amma ba ƙa'ida ce ta riƙe ni ba, na san wannan.

Ya tsugunna ya karɓi igiyar daga hannuna, yana ɗaurewa, bai ɗago ba. Ban sani ba ko da gangan ne bai ɗago ba.

"Da ke aka ba, Senpai, ai ranar da kika gani za ki bugo min waya ki zage ni tas, in gyara."

Na ce, "Haka ne."